Mabiyiyar Jikana a Tsibirin Kunkuru

A bayan ɗakina, a gidanmu na Ƙofar Marusa, akwai wani ɗan lungu inda ruwan wanka ke bi ya fita waje. Ƙasar wurin ba ta bushewa ko da bazara. Nan aka binne mabiyiyar duk wanda aka haifa a gidan, tun daga kan maigidana Malam har zuwa kan autata. Yayar Malam, wadda ni ma Yaya nake ce mata, ita ke wannan aiki tun da mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. Ita za ta wanke, ita za ta haƙa, ita za ta kwantar da ita ta rufe. Shekarar da aka zo yi wa tsakar gida siminti, ta ɗauko kujerarta ta zauna a bakin lungun, ta ce wa magina in za su shafe shi sai dai su haɗa da ita. Suka bar shi.

Ɗana na fari, wanda har yau bakina bai taɓa kiran sunansa ba, gyaran firiji da injin sanyaya ɗaki ya koya. Wani da suka yi aiki tare ya samo mashi gurbi a wani otal, a wata ƙasa da aka ce tsibiri ce. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na mata a Ƙofar Kwaya, sai na roƙi malamarmu ta nuna mani wurin a taswirar da ke jikin bango. Ta daɗe tana lalube cikin shuɗin nan na teku, sannan ta ɗora farcenta ta ce ga shi. Na matso. Wallahi na zaci kashin ƙuda ne. Na ce, "Malama, a nan mutum zai kwana?" Matan ajin suka yi ta dariya, ni kuwa ban yi ba.

Da ya tafi, labarin ƙasar ya riƙa zuwa mana kaɗan-kaɗan ta waya. Ya ce in ka shiga mota da hantsi, kafin la'asar ka kewaye ƙasar duka ka dawo inda ka tashi. Suna da shugaban ƙasa da majalisa da tuta kamar kowa, amma ba sarki, ba hakimi, ba mai unguwa. Ya ce ya taɓa ganin wani minista a layin sayen kifi, da kwandonsa a hannu. Malam ya ce to ai wannan ba minista ba ne, ɗan aike ne. Mutanen kuma baƙaƙe ne irinmu, wasu da ɗan haske. Wai kakanninsu Turawa ne suka kwaso su daga ƙasashenmu a jirgin ruwa, suka sa su noman rake. Da aka daina bauta suka zauna, don ba wanda ya san hanyar gida. Daga baya suka karɓi mulkin kansu, raken kuma ya daina ciyar da su.

"To yanzu mi suke nomawa?" in ji Malam.

"Baƙi, Baba. Baƙi su ne gonarsu."

Masu yawon buɗe ido yake nufi. Mutane su taso daga ƙasashe masu sanyi, su zo su kwanta a rana a bakin teku, su ci kifi, su koma. Babban abin da ke kawo su kuwa shi ne kunkurun teku, wanda ke fitowa daga ruwa ya haƙa rami a yashi ya zuba ƙwai. Yaya ta ce ita duk a haukan duniya ba ta taɓa jin wanda ya hau jirgin sama don ya ga kunkuru ba, ga shi nan muna jefa shi a randa ya cinye mana tsutsa. Muka yi dariya, muka bar zancen. Da na sani da na ƙara tambaya.

Bayan ya zauna da gindinsa sai matarsa ta bi shi. Yarinya ce marainiya, mai kunya, tun tana ƙarama uwarta ta rasu, saboda haka ni ce uwarta ni ce surukarta. Da ta samu ciki muka sa rai za ta dawo gida ta haihu a hannunmu, amma likita ya ce jininta yana hawa, bai yarda ta yi doguwar tafiya ba. Na haɗa mata kanwa da yaji da garin kunu, aka ce ƙasar ba ta yarda a shigar da irin waɗannan kaya. Na kwance ƙullin na mayar da kowane mazubinsa.

Ta sauka lafiya, namiji. Ranar gidan ya cika da guɗa. Ana cikin barka Yaya ta karɓe wayar daga hannuna.

"Kai, ina mabiyiyar?"

Ya ce tana asibiti, su can ƙonawa suke yi.

"Ƙonawa? Innalillahi! Abokiyar tahiyar yaro za a sa wa wuta kamar bola? Ka tahi yanzu ka amso ta. Ka wanke ta da ruwan ɗumi, ka naɗe a farin ƙyalle. Kuma ka ji ni da kyau, kar ka kife ta. In ka kife ta, matarka ta gama haihuwa ke nan."

"Gwaggo, a ina zan binne? A bene muke, gidan ma'aikata ne. Ko'ina siminti ne, sai ciyawar otal, ita kuma akwai masu kula da ita."

"Ƙasa ta ƙare ne a garin? Ka nemi wuri mai laima, inda ruwa ke bi, kamar lungunmu. Sanyin wurin shi ke bin jikin mai jego, shi ke sa yaro ya yi sanyin hali."

Ina zaune a gefenta ina ɓare goro. Abin da ta faɗa shi aka yi mani, shi aka yi wa uwata. Babu wanda ya ji wani abu a ransa.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Na ɗauka ina murna, na zaci angon ƙarni ne zai ce an gama. Sai na ji muryar yarinyar, tana kuka, jariri yana kuka a bayanta.

"Inna, sun kama shi."

Sai da na ce ta yi salati sau da yawa kafin na fahimci abin da ya faru. Ya karɓo mabiyiyar a asibiti, ya wanke ta yadda aka ce. Ya yi ta tunanin wuri mai laima inda ruwa ke bi, bai ga wanda ya fi bakin teku ba. Da ya idar da sallar asuba ya ɗauki ɗan shebur da ƙullinsa a cikin kula, ya yi nisa da otal don kar a gan shi, ya tsallake wata igiya da aka ja, ya samu inda yashi ke da taushi ya fara haƙa. Ashe taushin nan na ramin kunkuru ne. Shebur ya shiga cikin ƙwai ya fasa wasu. Ga shi kuma daidai lokacin ne masu gadin wurin ke kawo baƙi kallo. Suka tarar da baƙon mutum a durƙushe kan ramin, ga ƙwai a fashe, ga kula a gefensa. Wa zai ce ba ɓarawon ƙwai ba ne? Da suka buɗe kular suka ga nama da jini cikin farin ƙyalle, abin ya ƙara lalacewa. Baƙin nan kowa ya ɗaga waya yana ɗauka.

A ƙasar nan, in ji ta, taɓa ƙwan kunkuru laifi ne na ɗauri. Ita kuma ga ta a bene ita kaɗai, da ɗanyen jiki, ba ta jin yarensu sai ɗan Turancin makaranta.

Ban yi kuka a wayar ba. Na ce, "'Yar nan, kin ci abinci?" Ta ce a'a. Na ce ta dafa ruwa mai zafi ta gasa jikinta ko da tawul ne, ta sha abu mai ɗumi, ta ba yaro nono, sauran na Allah ne. Da na ajiye wayar na zauna a bakin murhu.

Malam ya sa babbar riga ya fita. Shi a saninsa, duk abin da ya faru tsakanin mutane akwai wanda ake zuwa wurinsa a ba da haƙuri. A samu dattijo, dattijo ya samu mai unguwa, a zauna a zaure, a ce yaro ne, baƙo ne, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa. Ya je wurin wani Alhaji a Ƙofar Kwaya wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Alhajin ya buga waya nan, ya buga can, daga ƙarshe ya ce ƙasarmu ba ta da ofishin jakada a tsibirin, sai a wata ƙasa ta daban, kuma ko su ba sa sa baki a shari'ar kotu. Malam ya dawo ya tuɓe rigar ya rataye. Ya ce, "Ƙasar da ba ta da mai unguwa, wa za ka gaisar?"

Kafin kwana biyu bidiyon ya iso Katsina. Ban san ta inda ya biyo ba. Wata maƙwabciyarmu ta shigo da shi da niyyar jaje, ta miƙo mani. Na ga ɗana a durƙushe a yashi da rigar sallarsa, ya ɗaga hannu biyu yana magana, wata Baturiya tana yi mashi ihu tana kuka. Kukan ƙwai take yi. Akwai rubutu a ƙasa da Turanci, ban iya karantawa ba, ban kuma tambaya ba. Na mayar mata da wayarta na ce na gode.

Yaya ta daina cin abinci. Ba wanda ya ce mata ke kika sa, ita ma ba ta ce ba. Sai dai in na fito alwala in gan ta tsaye a bakin lungun tana kallon ƙasa.

Ranar suna ta zo yana tsare. Malam ya ce ba za a fasa ba, yaro ba shi da laifi. Aka yanka rago, aka raɗa suna a zaure, aka raba goro da dabino. Ba jariri, ba mai jego, ba uban yaro. Mata suka cika tsakar gida, kowa na kaffa-kaffa da bakinta, sai wata tsohuwa abokiyar wasan Yaya da ba ta iya shiru ba.

"Ke kuma da tsufanki kin aika yaro satar ƙwai? Ba ga kaji nan a gida ba?"

A da, da Yaya ta rama har sai matar ta nemi hanya. Ranar sai ta tashi ta shige ɗaki ta sako labule. Dariyar da aka fara ta mutu a wurin. Na bi baƙi da abinci ina cewa ku ci, ku ci, fuskata tana murmushin dole.

Abin da ya fi damuna kullum shi ne yarinyar. Wa ke dafa mata ruwa? Wa ke karɓar yaron ta runtsa? Sai rannan da na kira na ji wata murya a ɗakin, mai kauri, tana yi wa jaririn waƙa. Yarinyar ta ce wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, mai wankin zannuwan otal. Ta ji kukan yaro ya yi yawa ta hawo ta ƙwanƙwasa. Tun daga ranar take zuwa in ta tashi aiki, da romon kifi a kwano, ta yi wa yaron wanka, ta matsa wa uwar ciki da ruwan zafi. Na ce a ba ta wayar. Na yi mata godiya da Hausa, ta amsa da nata yaren, ba wadda ta ji wata, muka daɗe a haka.

Da aka shiga kotu, likitan asibiti ya shaida cewa abin da ke cikin kular mabiyiya ce kuma su suka ba shi. Alƙaliyar, don mace ce, ta yarda ba sata ta kai shi ba. Amma ta ce igiyar da ya tsallake doka ce, ƙwan da ya fashe kuma ya fashe, duniya ta gani, ƙasarsu kuwa da idon duniya take ci. Ba ta ɗaure shi ba. Ta soke takardar izininsa ta aiki, ta ce ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar, kar ya ƙara dawowa. Otal ɗin ma tun kafin a yanke hukunci sun sa wani a gurbinsa.

Da ya kira bayan an sake shi, muryarsa ta zama ta wani. Ya ce, "Inna, na ja maku abin kunya." Na ce, "Kai dai ka fito. Ka ga ɗanka?" Ya ce ya gan shi. Sannan ya ce 'yan sanda sun mayar mashi da kular. Duk kwanakin nan tana cikin firijinsu. Bai san yadda zai yi da ita ba, ba a shiga jirgi da ita, shi kuma ko cokali ba zai ƙara sa wa a ƙasar mutane ba.

Tsohuwar nan mai wankin otal ce ta ce a kawo gidanta. Tana da ɗan fili a bayan ɗakinta, can kan tudu, nesa da otal-otal, inda take wanke-wanke. Suka kira mu ta bidiyo don Yaya ta ga yadda za a yi. Da ƙyar na fito da ita daga ɗaki. Muka zauna a tabarma, na riƙe wayar, muka ƙura ido. Ga jar ƙasa kamar ta wajen gari, ga kaji suna kiwo, ga tulin kwanoni. In ba don itatuwan kwakwa ba sai ka ce wani ƙauye ne a nan kusa.

Ɗana ya tsaya gefe da hannu a baya, ya ƙi taɓa shebur. Tsohuwar ta haƙa da kanta. Ta kwance ƙyallen, ta sake ɗauraye mabiyiyar da ruwan ɗumi. Yaya ta matso har goshinta na taɓa wayar, ta buɗe baki za ta ce kar a kife, sai ta ga matar ta juya ta a tafin hannunta, ta duba, ta kwantar da ita fuska sama, igiyar cibiyar a bisa. Ta rufe, ta kawo ɗan tsiron kwakwa ta dasa a kai, ta zuba ruwa.

Yaya ta ce, "Ke 'yar nan, tambaye ta, wa ya koya mata?"

Yarinyar ta tambaya. Tsohuwar ta ce kakarta ce. Su ma haka suke yi a da, kowane yaro da itacensa, yanzu ne asibiti ya hana.

"Ita kakar wa ya koya mata?"

Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa, ta nuna wajen teku.

"To ki ce mata, su mutanen wane gari ne? Asalinsu nake nufi. Wace ƙofa?"

Na ga yarinyar tana ta ƙoƙarin fassarawa. Tsohuwar ta saurara, ta yi ɗan murmushi, ta girgiza kai. Ba ta sani ba. Babu wanda ya sani a duk ƙasar.

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun da aka fara wannan abu ban ga hawayenta ba sai ranar. Ta ce, "Allah sarki. Sun riƙe wannan, sun mance gida."

Sun dawo kafin a yi arba'in. Na yi wa yarinyar sauran wankan jegonta da hannuna, da ganye da ruwa mai tafasa, na dama mata kunun kanwar da aka hana ni aikawa. A cikin kayanta ta fito da ɗan ƙulli, guntuwar cibiyar yaron ce da ta faɗi, ta adana. Ta durƙusa ta miƙa wa Yaya. Yaya ta karɓa, ta nufi lungu. Shi ne na ƙarshe da ta binne, don ba ta ga damina biyu bayan nan ba.

Ɗana ya buɗe rumfar gyaran firiji a Ƙofar Kwaya. Yana samun na abinci, alhamdu lillahi, amma ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya rage magana. Abokansa har yau in ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Mai ƙwai, nawa ne kiret?" Yakan yi dariya tare da su, ya dawo gida ya shige ɗaki. Ko a talabijin aka nuno teku sai ya tashi ya fita. Ƙannen yaron biyu da aka haifa daga baya, nasu duka suna lungu, ni na binne, yadda na ga Yaya tana yi.

Tsohuwar ta riƙa aiko da hoton kwakwar lokaci-lokaci, tana tsaye kusa da ita don a ga tsawo. Ta kai mata gwiwa, ta kai ƙugu, ta wuce kanta. Ni kuma in nuna wa angon nawa, in ce ga itacenka can. A kiran ƙarshe da suka yi da surukata ta ce gwamnati ta zo ta auna unguwarsu, wai za a yi sabon otal a kan tudun saboda daga nan an fi hango teku, za a ba su gidaje a bene. Bayan nan lambar ta daina shiga. Mun gwada har mun gaji.

Yaron yanzu ya shiga makaranta. Kwanan baya ina shara a bayan ɗaki ya zo ya tsuguna a bakin lungun, yana tona ƙasar da tsinke. Ya ce uwarsa ta gaya mashi na ƙannensa suna nan.

"Kaka, nawa fa?"

Na ce, "Kaɗan yana nan, mai yawan yana can ƙarƙashin kwakwarka."

"In na girma zan je in gani."

Na ce Allah ya kai mu. Yaya takan ce mutum komai daɗewa sai ya nemi inda aka binne tasa. Ban gaya mashi an hana ubansa shiga ƙasar ba, ban kuma gaya mashi ban san ko itacen yana tsaye ba. Na karɓe tsinken daga hannunsa, na mayar da ƙasar da ya tona, na danne da tafin ƙafata.